Damben Keji a Ƙofar Olamfik: Wa Zai Ɗauki Alhaki?

Majalisar Olamfik ta nahiyar Asiya ta saka damben MMA cikin jerin wasannin da ake raba wa lambobin yabo a gasar Asiya ta 2026, wadda aka bai wa Aichi da Nagoya na ƙasar Japan. Kafin nan, a gasar ƙasashen Afirka da aka yi a Accra cikin watan Maris na 2024, an ba shi gurbi a matsayin wasan nuni: a kalla, a tafa, amma nasarar da aka samu a cikinsa ba ta shiga lissafin lambobin ƙasashe. Duk mai bin harkar wasanni ya san tafiyar ba a Nagoya za ta tsaya ba. Masu wannan wasa Olamfik suke hange, ba su kuma taɓa ɓoyewa ba. Shi ya sa musu ya yi zafi tsakanin masu cewa lokaci ya yi da masu cewa Allah ya kiyaye.

Ni dai ba zan yi ta kewaye-kewaye ba. MMA na 'yan dagaji, mai tsauraran dokoki, ya cancanci a gwada shi a gasannin nahiyoyi irin na Asiya da na Afirka. Olamfik kuwa, tukuna. Jinin da ake gani a keji ba shi ya sa na ce tukuna ba. Abubuwa biyu ne suka tsaya mini a rai. Na farko, har yau wasan ba shi da hukuma guda da duniya za ta kama idan abu ya ɓaci. Na biyu, ba a gamsar da ni ba cewa jikin ɗan Adam zai ɗauki irin wannan karo sau huɗu ko biyar cikin 'yan kwanaki ya kuma tashi lafiya.

Ga wanda bai saba kallo ba, MMA gauraye ne na naushi da shuri da kokawa da shaƙa da murɗe gaɓa, galibi a cikin keji. Ana cin wasa idan abokin karawa ya suma, ko ya bubbuga hannu alamar ya miƙa wuya, ko alƙalin wasa ya shiga tsakani, ko kuma a ƙirga maki bayan turmin ƙarshe. Surarsa ta yau ta fito fili ne a watan Nuwamban 1993, lokacin da kamfanin UFC ya shirya gasarsa ta farko a birnin Denver na Amurka. A wannan dare babu rabon nauyi, dokokin ma ba su taka kara sun karya ba. Wani siririn ɗan Brazil, Royce Gracie, ya kayar da mutum uku a dare guda ya ɗauki kambu. Abin ya tayar da hankalin mutane har Sanata John McCain ya kwatanta shi da faɗan zakaru, jihohi da yawa suka haramta shi.

Daga nan hujjar farko ta masu adawa ta samo tushe: wai wannan dabbanci ne, ba wasa ba, bai kamata ya raɓi tutar Olamfik ba. Da a ce muna cikin 1993 ne, da na bi bayansu. Amma ruwa ya daɗe da wucewa ta wannan hanya. Tun farkon shekarun 2000 aka samar da dokoki na bai ɗaya, aka raba 'yan wasa bisa nauyi, aka ƙayyade turmi, aka hana karo da kai da tsokale ido da duka a ƙeya. Jihar New York, wadda ta fi kowace jiha taurin kai a Amurka, ta halatta shi a 2016. Faransa ta bi sahu a 2020, ta kuma damƙa kula da shi a hannun hukumar damben boksin ta ƙasar. Wanda ke sukar MMA na yau da hoton daren Denver, yana jifan inuwa ne.

Kuma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Damben boksin yana cikin Olamfik tun 1904, kuma babu wata manufa a cikinsa da ta wuce a nausa mutum a kai da ciki. A gasar Rio ta 2016 ma aka cire wa maza hular kare kai. A taekwondo, shuri a kai ya fi shuri a ƙirji maki. A judo ana shaƙe mutum, ana karya masa gwiwar hannu idan ya ƙi miƙa wuya. To wane ɓangare na MMA ne baƙo a Olamfik? Naushin? Shurin? Shaƙar? Duk suna nan, kowanne a ɗakinsa. Abin da MMA ya yi shi ne tara su a ɗaki ɗaya.

Wani abu da ya faru a Tokyo ya isa misali kan yadda Olamfik ɗin kanta ba ta tsayar da magana ɗaya ba. Ranar 7 ga Agustan 2021, a wasan ƙarshe na karate, Tareg Hamedi na Saudiyya yana kan gaba da maki sai ya kai wa Sajjad Ganjzadeh na Iran shuri, ya sumar da shi. Aka fitar da Ganjzadeh a gadon ɗaukar marasa lafiya, aka kori Hamedi saboda wuce gona da iri, zinare ya zama na wanda ya suma. A wannan rana dai, a wannan birni dai, Hebert Conceição na Brazil yana baya da maki a wasan ƙarshe na boksin, sai ya zabga wa Oleksandr Khyzhniak na Yukren naushi ya kai shi ƙasa, aka rataya masa zinare ana tafi. Aiki ɗaya, hukunci biyu. Gidan da ya yi wannan, da wane baki zai ce wa MMA ka cika zafi?

Sai dai kada magoya baya su yi saurin murna, domin hujjar da suka fi ƙauna ita ma ba ta da ƙafa. Sukan ce ai tsoffin Girkawa sun saka wani wasa mai suna pankration a Olamfik ɗinsu tun shekara ta 648 kafin haihuwar Annabi Isa, kokawa da naushi a haɗe, saboda haka MMA gida zai dawo. Gaskiya ne an yi. Amma a wancan zamani tsirara ake wasa, mata ba sa shiga, mutuwa a fage kuma abin alfahari ce. Tsufan abu ba ya zama lasisinsa. Idan za a karɓi MMA, a karɓe shi da halinsa na yau.

Akwai wata suka da ta fi ta dabbanci nauyi, ita ce bin mutum ƙasa da duka. A boksin, idan mutum ya faɗi, alƙali ya tsayar da kai ya fara ƙirga. A dambenmu na gargajiya, da zarar hannu ko gwiwa ta taɓa ƙasa an yi kisa, magana ta ƙare, babu wanda zai ƙara ɗaga maka hannu. A MMA kuwa, faɗuwarka ita ce damar abokin karawarka, zai hau kanka ya yi ta ɗirka har sai alƙali ya janye shi. Wannan yana sosa wa mutane da yawa rai, ni ma yana sosa mini. Masu kare wasan suna da amsa: wai ƙirgan da ake yi a boksin shi ne mafi haɗari, domin yana bai wa wanda ƙwaƙwalwarsa ta riga ta girgiza damar miƙewa ya ƙara shan wani dukan, alhali a MMA nan take ake tsayarwa. Amsar tana da ƙamshin gaskiya, amma ta rataya ne kacokan a kan idon alƙali da saurin hannunsa. Daƙiƙa uku na jinkiri sun isa su canza rayuwar mutum. Ke nan maganar ta koma kan wanda ya horar da alƙalin, da wanda zai hukunta shi idan ya yi sakaci.

A ƙasashenmu akwai kuma fuskar addini, wadda ba za a tsallake ba. An san hanin da ya zo game da dukan fuska, kuma majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta yanke tun 1987 cewa boksin irin na gasa bai halatta ba. A 2024 gwamnatin Taliban ta haramta MMA a Afghanistan. A ɗaya gefen, Abu Dhabi da Riyadh suna karɓar baƙuncin UFC, kuma Musulmin Dagestan irin su Khabib Nurmagomedov da Islam Makhachev suna cikin waɗanda suka fi shahara a fagen. Fatawa ta malamai ce, kowane Musulmi kuma zai tsaya inda zuciyarsa ta natsu. Abin da zan ce kawai, hukuncin da ya hau kan MMA ya hau kan boksin, ya hau kan damben da ake yi a Kano da Sakkwato da Maraɗi. Ba za a ɗauki ɗaya a jefar a rungume sauran ba.

Mu koma ga masu cewa lokaci ya yi. Babbar hujjarsu farin jini. Kamfanin UFC da aka saya dala miliyan 2 a 2001 an sayar da shi kusan dala biliyan 4 a 2016. Matasa suna kallo daga Brazil har Kazakhstan, kuma Olamfik tana neman matasa ruwa a jallo. Suna kuma nuna cewa zakarun Olamfik da kansu MMA suke komawa: Henry Cejudo ya ci zinare a kokawa a Beijing 2008, Ronda Rousey ta ci tagulla a judo a wannan gasa, Kayla Harrison ta ci zinare biyu a judo a 2012 da 2016, dukkansu kuma sun riƙe kambun UFC daga baya.

To amma farin jinin na waye? Na wasan ne, ko na kamfanin? UFC ba hukumar wasanni ba ce, kamfanin kasuwanci ne mai 'yan wasa a ƙarƙashin kwantiragi. Shi ke zaɓar wanda zai kara da wane, bisa abin da zai sayu. A 2023 ya raba gari da hukumar gwajin ƙwayoyin ƙara kuzari ta Amurka ya kafa nasa tsarin, a 2025 kuma kotu ta amince ya biya dala miliyan 375 domin sasanta ƙarar da tsoffin 'yan wasansa suka kai shi kan danne musu haƙƙi. Wa yake tsammanin irin wannan kamfani zai saki tauraronsa ya je ya yi wasa huɗu kyauta domin lambar zinare? An gwada a boksin. Da aka buɗe wa ƙwararru ƙofa a Rio 2016, mutum uku kacal suka zo, ciki har da Hassan N'Dam na Kamaru, wanda aka fitar a wasansa na farko. Abin da za a gani a Olamfik shi ne MMA na 'yan dagaji: turmi uku na minti uku-uku, safar hannu mai kauri, kariyar ƙwauri, babu duka da gwiwar hannu, babu gwiwa a kai. Wasa ne mai kyau, na ma fi natsuwa da shi, amma ba shi ne wanda ake hana ido barci dominsa ba. Kada a sayar wa Olamfik da doki a kai mata jaki.

Sannan akwai layi. Kwamitin Olamfik na Duniya, IOC, ya ƙayyade yawan 'yan wasa a kusan 10,500, ma'ana duk wanda ya shigo sai wani ya matsa. Karate ya yi shekaru da dama yana jira, ya shiga sau ɗaya a Tokyo, aka ajiye shi a Paris. Kokawa, wadda take nan tun 1896, saura ƙiris a fitar da ita a 2013. A 2021 IOC ta amince da hukumomin muaythai da kikboksin da sambo, amma har yau ba ɗayansu da ya taka dandalin lambobi. MMA ko wannan amincewar bai samu ba. Da wane dalili zai tsallake waɗanda suka riga shi zuwa? Don ya fi su kuɗi?

Yanzu ga inda gizo yake saƙa. Ba a sarki biyu a gari ɗaya, amma MMA na 'yan dagaji yana da masu neman sarauta fiye da biyu. Akwai IMMAF, wadda aka kafa a Sweden a 2012 da goyon bayan UFC, ta haɗe da takwararta ta Rasha a 2018, ta kuma samu shiga yarjejeniyar hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya, WADA, a 2021. Akwai GAMMA, wadda ta ƙulla ƙawance da kamfanin ONE na Singapore. A Asiya wata ce daban, AMMA, ke riƙe da wasan a gasar nahiyar. Hukumar kokawa ta duniya ita ma tana da nata reshen pankration. Kowacce da dokokinta, da alƙalanta, da zakarunta na duniya. Idan yaro ya faɗi bai tashi ba, wa za a tambaya? Idan an dakatar da ɗan wasa a nan saboda ƙwaya ko saboda suma, me zai hana shi sauya riga ya bayyana a can mako mai zuwa?

Wanda yake ganin wannan ƙaramin abu ne, ya dubi boksin. Binciken da aka yi bayan Rio ya gano an yi maguɗi a alƙalancin wasanni. IOC ta dakatar da hukumar boksin ta duniya a 2019, ta shirya gasar da kanta a Tokyo da Paris, ta kore hukumar gaba ɗaya a 2023, kuma sai a 2025 aka tabbatar boksin zai je Los Angeles 2028 bayan an amince da wata sabuwar hukuma. Wasan da ya haura shekara ɗari a gidan ke nan, mai hukuma ɗaya tilo. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Idan mai hukuma ɗaya ya sha wannan wuya, ina ga wanda ya zo da huɗu suna jan rigar juna, kamfanoni kuma suna leƙe ta bayansu?

Damuwata ta biyu jiki ne. Ƙwararren ɗan MMA kan yi wasa biyu ko uku a shekara, kuma idan aka sumar da shi likitoci kan hana shi fage na makonni. Gasar lambobi kuwa ta sili-ɗaya-ƙwale ce: kafin ka kai ga zinare sai ka wuce mutum huɗu ko biyar. Za a ce ai IMMAF tana yin haka a gasarta ta duniya tun 2014. Na sani, kuma shi ya sa na yarda a gwada a nahiyoyi. Amma gasar da babu mai kallo sai 'yan uwa daban take da wadda ƙasa gaba ɗaya ta zuba ido, minista yana zaune a rumfa, an yi wa yaro alkawarin gida da mota. A irin wannan yanayi, wane ɗan wasa ne zai faɗa wa likita kansa yana juyawa? Wane koci ne zai janye yaronsa ana gobe wasan kusa da na ƙarshe? Ga kuma matsalar rage nauyi ta hanyar ƙin shan ruwa, wadda ta kashe ɗan ƙasar Sin Yang Jian Bing a 2015. A 2016 João Carvalho na Portugal ya rasu kwana biyu bayan wasa a Dublin. Waɗannan a fagen ƙwararru suka faru, amma darasinsu ɗaya ne: rigakafi ya fi magani, kuma rigakafin nan tsari ne, ba fatan alheri ba.

Mu 'yan Afirka muna da namu lissafin. A 2021 mutum uku 'yan asalin nahiyar suna riƙe da kambun UFC lokaci guda: Kamaru Usman haifaffen Auchi, Israel Adesanya haifaffen Legas, da Francis Ngannou na Batié a Kamaru. Mun yi alfahari, amma ko ɗaya ba mu muka horar ba. Usman a makarantun Amurka ya koyi kokawa, Adesanya a New Zealand ya tashi, Ngannou kuwa sai da ya bar haƙar yashi, ya ratsa Nijar da Aljeriya da Maroko, ya tsallaka teku, ya kwana a titunan Paris kafin wani ya ga baiwarsa. Gwamnatocinmu ba sa sakin kuɗi sai ga wasan da ke kawo lamba. Idan MMA ya zama na lambobi a gasar Afirka, watakila a samu ɗakin horo da koci da likita a gida, wani Ngannou ba sai ya bi ta hamada ba. Wannan hujja ce mai ƙarfi, ita ce ma ta fi jan ra'ayina zuwa ga gasannin nahiya. Tarihi ma yana goyon baya: lambar Olamfik ta farko da Najeriya ta samu a boksin ce, ta hannun Nojeem Maiyegun a 1964, lambobin Nijar biyu kuma daga boksin ne a 1972 da taekwondo a 2016, lokacin da Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya ci azurfa.

Amma kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Ƙasar da ta dawo daga Paris 2024 ba ko tagulla ɗaya, ta fara tambayar kanta yadda take riƙon wasannin da ke hannunta. Karɓar MMA yana nufin motar asibiti a bakin fage, na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa a kusa, inshora, da rajistar duk wanda ya taɓa suma. Wanda ba zai iya wannan ba, kada ya tura 'ya'yan mutane keji don neman suna.

Akwai kuma abin da ya kamata mu koya daga Asiya. Gasarsu ba ta jiran izinin Olamfik kafin ta ɗaukaka nata: kabaddi da wushu da sepak takraw suna ciki tun 1990, kurash na Uzbekistan ya shiga a 2018. Mu fa? Kokawar gargajiya tana da dokoki, tana da gasar takobi a Nijar tun 1975, tana da gasar ƙasashen ECOWAS, tana cika filaye a Senegal. Dambe yana cikin bikin wasanni na ƙasa a Najeriya, miliyoyin mutane suna kallonsa a intanet. Idan gasar Afirka tana da wurin da za ta bai wa keji, tana da wurin da za ta zuba yashin kokawa, tana kuma da dalilin zama da 'yan dambe a tsara musu nauyi da likita. In ba haka ba, za mu yi ta tallar kayan wasu namu yana ruɓewa a rumbu.

Saboda haka sharuɗɗana ga masu son ganin MMA a Olamfik a fili suke. Su haɗu a hukuma ɗaya wadda ba ta cin abinci a hannun kamfani. Su yarda da doka ɗaya ta 'yan dagaji a duk duniya. Likita ya zama mai zaman kansa, maganarsa ta fi ta koci da ta minista. A auna nauyi a ranar wasa, a tazarar da wasanni, a kuma wallafa adadin raunukan da aka samu a Nagoya da duk gasar da za ta biyo baya, kowa ya gani ya yi hukunci. Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan sun cika waɗannan a gasar nahiya biyu ko uku, babu wani mai adalci da zai bar boksin a ciki ya rufe musu ƙofa, ni ma zan kasance cikin masu cewa a buɗe. Idan kuwa sun kasa zama a tebur ɗaya su amince da wanda zai jagorance su, to ba IOC ce ta hana su shiga ba, su suka hana kansu.